Kejin kaji na katako: wanne daga cikin huɗun nan ya dace da sabon shiga?

Wanda ya tara kaji takwas ko goma a gida, ya gaji da kashinsu a bakin ɗaki da tonon da suke yi wa shukar maƙwabta, ya kuma ga yadda shirwa ke rage masa 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, ƙarshenta sai ya fara tunanin killace su. Akurkin ƙasa irin na gargajiya wurin kwana ne kawai, da gari ya waye sai a buɗe su bazama. Abin da ake magana a kansa a nan shi ne keji na katako da waya wanda kaji za su wuni a ciki, su ci, su sha, su yi ƙwai, su kwana, wanda kuma mutumin da bai taɓa zama a shagon kafinta ba zai iya haɗawa da guduma da zarto da tef ɗin awo, ko ya tsaya a kan kafinta yana sane da abin da yake so a yi masa. Siffofi huɗu za a kwatanta a nan: mai jingina da katanga, tsayayye a tsakar fili, mai ƙafafu wanda aka ɗaga daga ƙasa, da na tafi-da-gidanka wanda ake ja daga wuri zuwa wuri. Domin kwatancin ya yi adalci, an ɗauki manyan kaji goma a matsayin ma'auni, ko na Hausa ne, ko Noiler, wato kajin gona da ake kiwo domin nama da ƙwai, ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi ne. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin da aka ji a kasuwa yau ba lalle ya kai wata mai zuwa ba, don haka an fi samun kwatanci mai ɗorewa idan aka ƙidaya kayan aiki maimakon naira. Katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da sauran kasuwanni irinta ana sayar da shi ne da tsawon ƙafa 12, ana kiransa da kauri da faɗinsa a inci: tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo. Kwanon rufi na yau da kullum tsawonsa ƙafa 6 ne, guda 20 a bandir, kuma ana sayar da shi ɗai-ɗai. Waya kuwa da yadi ake yanka ta. Wanda ya tsara kejinsa a kan ƙafa 12 ko 6 ko 4 ko 3 zai ga katakonsa ya rabu daidai ba ragowa, wanda kuwa ya zaɓi ƙafa 7 ko 10 zai biya kuɗin guntayen da sai dai a kai su murhu.

Na biyu ƙarko ne, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yaudaruwa. Idonsa kan tafi ga rufi da ƙofa da fenti, alhali kejin katako daga ƙasa yake mutuwa. Ƙafa ɗayan nan ta ƙasa, inda katako da waya suka haɗu da turɓaya, nan gara ke shiga, nan danshin damina ke kwana har katako ya ruɓe, nan waya ke fara tsatsa saboda kashin kaji, nan kuma ɓera da gafiya ke haƙa. Gara takan cinye cikin ginshiƙi ta bar bayansa sumul kamar ba abin da ya taɓa shi, sai ranar da iskar farkon damina ta taso a ga keji ya durƙusa. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowace siffa ita ce: a wurare nawa katakonta ya taɓa ƙasa, kuma mai shi zai iya ganin waɗannan wuraren kullum?

Na uku sauƙin aiki ne, wato yawan yankan da ba na miƙe ba, da yawan haƙa, da ko mutum ɗaya zai iya ko sai an riƙe masa. Har da sauƙin shara da kwasar ƙwai bayan an gama, domin gini na kwana biyu ne, shara kuwa ta kullum ce.

Na huɗu haɗari ne, kuma kala-kala ne. Akwai na sama, shaho da shirwa. Akwai na ƙasa, muzuru da tunku da kare da maciji da ƙwarƙwasa. Akwai ɓarawo. Akwai cuta, musamman kashin jini da ke yaɗuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kashi, da cutar Niyukasil da ta fi yin ɓarna da hunturu, da murar tsuntsaye wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015, wadda kuma tsuntsayen daji na cikin masu yaɗa ta. Sai zafi, wanda mutane ba su cika lissafa shi a cikin haɗari ba. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafin jikinta, kuma a bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙaramin keji mai kwano dab da kan kaji yana iya kashe su tsakanin azahar da la'asar.

Game da fili, kazar da za ta wuni a killace a ƙasa tana son murabba'in ƙafa 8 zuwa 10 in ana so ta sake, ko da yake gonakin kasuwanci kan ba ta 2 zuwa 3 kawai. Kaji goma suna buƙatar sandar kwana mai tsawon ƙafa 8, da gurbin ƙwai biyu ko uku, kowanne ƙafa ɗaya ta kowane gefe.

Katako da waya

Kafin a shiga siffofin, akwai zaɓin da ya shafe su duka. Farin katako shi ne mafi araha da sauƙin yanka da shan ƙusa, amma araha ba ta ado: shi gara ta fi so, kuma in ɗanye ne yakan karkace yayin bushewa har ƙofa ta ƙi rufuwa. Ya dace da sama, inda kwano ya kare shi, bai dace da ginshiƙi ba. Jan katako ya fi tsada da nauyi da jimiri, sai dai yana lanƙwasa ƙusar wanda hannunsa bai faɗa ba, yana kuma tsagewa in an buga kusa da baki, abin da ake ragewa ta hanyar dakushe tsinin ƙusar da guduma kafin a buga. Malaina tana tsakani, ba nauyi, ba ta cika karkacewa ba. Ga ginshiƙin da za a binne kuwa, a ganina babu kamar azara ta giginya, wadda magina a ƙasar Hausa suka daɗe suna rufin soro da ita saboda gara ba ta cika iya mata ba. Aibinta shi ne ba ta son ƙusa, sai an huda ta ko an ɗaure da waya. Inda ba a samu azara ba, a babbake gindin ginshiƙin sama-sama, ko a shafe shi da maganin gara na katako mai suna Solignum ko baƙin mai kamar yadda kafintoci ke yi, amma a tsaya a ɓangaren da zai shiga rami, domin baƙin mai guba ne, bai kamata ya kasance inda kaji ke tsattsaga ba.

Wayar kaji mai ido shida-shida tana hana kaza fita ne kawai. Kare yana yaga ta, ɓera da ƙaramin maciji suna ratsa idonta in ya kai inci ɗaya, kuma siririyar takan yi tsatsa da wuri. Waya mai walda, mai ido murabba'i na rabin inci, ta fi ta nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta tsada. Sulhun da ya fi dacewa da aljihu shi ne a sa mai walda a ƙafa biyu ko uku na ƙasa, a ƙarasa sama da wayar kaji. Duka biyun ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan kayan gini na kowane babban gari.

Mai jingina da katanga

Wannan rumfa ce da ta ari katangar gida a matsayin bangonta na huɗu. Ga kaji goma, tsawon ƙafa 12 a jikin katanga da faɗin ƙafa 8 ya ba da murabba'in ƙafa 96. A yi tsayin ƙafa 7 a jikin bango da 6 a gaba, domin ruwa ya gangara nesa da katangar, mutum kuma ya shiga a tsaye. Kayan da zai ci sun kai kimanin ginshiƙai 7, katako 20, kwano 12 zuwa 14 in za a rufe duka, da waya mai tsayin ƙafa 6 yadi 10. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya rufe rabi da kwano, ya ja waya a kan sauran rabin, ya inuwantar da shi da zana lokacin bazara. Abin da bai kamata ba shi ne a bar sama a buɗe, domin shaho da tsuntsayen da ke zuwa cin tsaba duk ta nan suke shiga.

Wajen sauƙi babu wanda ya kai shi. Duk yankansa na miƙe ne, katangar kuma ta ɗauke wa mai gini babbar wahalar sabon shiga, wato tsayar da gini ya miƙe ya daina rawa. Kusurwa kawai za a kula da ita: a auna ƙafa 3 a jikin bango, ƙafa 4 a kan igiyar gefe, in tsakanin alamomin biyu ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta daidaita. Ramin ginshiƙi ya kai ƙafa 2, a zuba tsakuwa a ƙasansa domin ruwa ya tsiyaye, sannan kankare ya ɗan haura ƙasa a gangare shi, kada ya zama kwano mai tara ruwa a gindin katako.

Wace katanga za a jingina da ita, wannan ya fi komai muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. In aka jingina da katangar gabas, fuskar kejin ta kalli yamma, rana za ta dake kaji tun daga azahar har faɗuwarta. In aka jingina da ta yamma, fuskar ta kalli gabas, ta inda ruwan sama mai iska ke zuwa a ƙasar nan, dalilin da ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi saurin zaizayewa. Katangar arewa ta fi duka: tana tare iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, tsawon kejin ya bi gabas da yamma, ranar lokacin sanyi da ke karkata kudu ta leƙo ta busar da ƙasa, ta bazara kuwa tana bisa kai, kwano ya tare ta. Sai a toshe ɗan gajeren gefen gabas da falanki ko kwano, a kafa sandar kwana da gurbin ƙwai a nan.

Ƙarkonsa ya danganta da ƙafar nan ta ƙasa. In aka jera bulo layi ɗaya ko biyu a zagaye, aka ɗora katakon ƙasa a kai, aka nutsa bakin waya cikin siminti, an rufe wa gara da ɓera hanya mafi sauƙi, an kuma hana ruwan tsakar gida kwarara ciki. Bulo ashirin da 'yan kai sun isa layi ɗaya. Wanda ba zai sa bulo ba, ya binne waya zurfin ƙafa ɗaya, ko ya shimfiɗa ta waje kamar ƙafa ɗaya da rabi ya rufe da ƙasa, domin mai haƙa a gindin shinge yake haƙa, ba ya ja da baya ya fara daga nesa. A cikin kejin a zuba diddigar katako ko buntun shinkafa mai kaurin inci 3 zuwa 4, a riƙa juyawa, a kwashe inda ya jiƙe. Garin katako mai laushi ba shi da kyau ga 'yan tsaki, suna ci, yana kuma shiga hancinsu.

Aibinsa uku ne. Mahaɗar kwano da bango takan yi yoyo in ba a sassaƙa bangon an cusa bakin kwanon an shafe da siminti ba, kuma in katangar ta ƙasa ce, yoyon nan zai ci ta, ɓera kuma yana huda ta ta baya. Iska ta gefe uku kawai take shiga, ko biyu in an toshe gefen gabas, don haka faɗinsa kada ya wuce ƙafa 8 ko 10. Na ukun ba na gini ba ne: katanga sau da yawa ta mutum biyu ce, kuma wari da ƙuda da carar zakara ba su san iyaka ba. A nemi yardar maƙwabci tukuna, ɗan haya kuma ya nemi ta mai gida, ya kuma san cewa ranar tashi bulo da kankare ba za su bi shi ba.

Tsayayye a tsakar fili

Girmansa ɗaya da na farko, amma bangonsa huɗu duk nasa ne. Hakan ya ƙara kaya: ginshiƙai 8 ko 9, katako kimanin 26, waya yadi 14, kwano kusan daidai da na mai jingina. Shi ne mafi tsada a cikin huɗun. Abin da ake saya da ƙarin kuɗin shi ne iska ta kowane gefe, da 'yancin fuskantar da shi yadda ake so, da nisanta shi daga ɗakunan kwana da rijiya, da damar ƙara masa tsawo in kaji sun ƙaru. A wurin lafiyar kaji babu wanda ya fi shi, musamman a bazara in aka kafa shi kusa da inuwar darbejiya.

Sai dai shi ne ya fi tona asirin hannun da bai ƙware ba. Ginin da ba shi da abin dogara sai kansa yana buƙatar ginshiƙai su miƙe, wanda ake dubawa da dutse a rataye a igiya, da kusurwoyi huɗu su daidaita, wanda ake tabbatarwa in awon kusurwa zuwa kishiyarta ya zo ɗaya ta ɓangarorin biyu, da kuma tokari a karkace a kowane bango. Sabon shiga yakan raina tokarin nan saboda keji na tsaye ƙyam ranar da aka gama, amma murabba'in da ba a tokare ba yana kwantawa a hankali. Rufin ma sai an ɗaure shi da ginshiƙai da waya ko ƙarfe, ba ƙusa kaɗai ba, domin guguwar watan Mayu da Yuni ta ƙasa take shiga ta ɗaga kwano. Aikin mutum biyu ne aƙalla. Ta fuskar tsaro kuma gefe huɗu ne a buɗe ga mai haƙa da ɓarawo, kuma in a gona yake, ba wanda zai ji kukan kaji da dare.

Mai ƙafafu

Akwati ne na waya a kan ƙafafu shida, tsawo ƙafa 8, faɗi 4, an ɗaga shi ƙafa 2 da rabi daga ƙasa, cikinsa kuma ƙafa 3. Murabba'in ƙafa 32 ke nan, wato kaza ɗaya ta samu 3 da ɗan ɗori. Yana cin katako kimanin 12, kwano 5, waya mai tsayin ƙafa 3 yadi 8, da abin daɓe. Daɓen nan ne ake yawan kuskurewa: wayar kaji ba ta ɗaukar nauyi, tana lotsawa tana yanka ƙafa. Sai waya mai walda mai kauri da aka tallafe da katako a gicciye kowace ƙafa 2, ko siraran katako a jere da tazarar inci ɗaya ga manyan kaji.

In aka koma ga tambayar nan ta wurare nawa katako ya taɓa ƙasa, wannan ne ya fi amsa ta da kyau. Wurare shida kacal ya taɓa ƙasa, duk a fili suke, kuma ana iya ɗora kowace ƙafa a kan bulo ko a cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai, wanda ke tare gara da ƙwarƙwasa gaba ɗaya. Ko da farin katako aka yi jikinsa zai daɗe, in dai ƙafafun na jan katako ne. Ba haƙa, ba siminti, mutum ɗaya zai iya haɗa shi a kwance sannan a tayar. Kashi yana zubowa ƙasa, kaji ba sa tattaka shi, wanda ke rage kashin jini da tsutsar ciki ƙwarai, kuma takin yana taruwa tsantsa ga mai lambu. Ambaliyar tsakar gida ta watan Agusta ba ta kai gare shi.

Abin da aka biya a madadin wannan, kaji ne suka biya. Ba tono, ba birgima a turɓaya, wadda da ita kaza ke kakkaɓe ƙuma da ƙwarƙwata. Kazar Hausa da ta saba yawo takan rame ko ta rage ƙwai in aka kulle ta a irin wannan, kuma matsi yana haifar da tsattsagar juna har jini. Buroila, wato kazar nama ta gona, mai nauyi takan samu ciwon ƙafa da na ƙirji a kan waya. Duk abin da za su ci sai an saya an kawo, ba ƙwaro ba ciyawa. Kwano yana kusa da kansu, don haka dole a shimfiɗa zana ko kara a bisansa da bazara, a kuma rataya buhu a gefen iska da hunturu saboda sanyi na shiga har ta ƙasa. Kuma kashin da ke ƙarƙashi in ya kwana uku ba a kwashe ba, ƙuda da wari za su sanar da dukan unguwa. Ana rage wasu daga cikin waɗannan da kwanon wanki cike da yashi da toka a kusurwa ɗaya, da sakin kajin na ɗan lokaci da yamma in gidan a kewaye yake.

Na tafi-da-gidanka

Siffarsa kamar tanti, gefe biyu sun haɗu a sama, ba shi da daɓe, ana jan sa zuwa sabon wuri kowace rana ko bayan kwana biyu domin kaji su samu ɗanyar ciyawa, ƙasa kuma ta samu taki. Mai tsawon ƙafa 8 da faɗin 5 yana cin katako 7 ko 8, kwano 2 ko 3, waya yadi 7 ko 8. Shi ne mafi araha a ido, amma kaji huɗu ko biyar yake ɗauka, don haka mai goma sai ya yi biyu, kuɗin ya zarce na mai ƙafafu. Siffar kusurwa uku ba ta rawa, wannan alheri ne, sai dai tana buƙatar yankan karkace da dole su zo iri ɗaya, kuma ja da ɗagawa suna sassauta ƙusa, gwamma a haɗa manyan mahaɗai da noti. Gara ba ta samun sukunin gini a jikinsa muddin ana motsa shi, amma in aka yi kasala aka bar shi wuri ɗaya mako biyu da damina, dukan katakon ƙasansa ya zama abincinta.

Wannan siffa ana yawan ganinta a hotunan intanet daga ƙasashen da ciyawa ke kore mafi yawan shekara. A nan kuwa, daga Nuwamba zuwa Mayu, mai tsakar gida ta yashi ko siminti ba shi da inda zai ja shi, sai ya zama ƙaramin keji mai zafi da wuyar shara kawai. In ƙasa ba ta baje ba, tunku da maciji suna bi ta ƙarƙashi, kuma abin da mai shi zai iya ɗagawa, ɓarayi biyu ma za su iya.

| Ma'auni | Mai jingina | Tsayayye | Mai ƙafafu | Tafi-da-gidanka |
|---|---|---|---|---|
| Girma da ƙafa | 12 × 8 | 12 × 8 | 8 × 4 | 8 × 5 |
| Manyan kaji | 10 a sake | 10 a sake | 10 a matse | 4 zuwa 5 |
| Katako, har da ginshiƙai | kimanin 27 | kimanin 35 | kimanin 12 | kimanin 8 |
| Kwano | 12 zuwa 14 | 12 zuwa 14 | 5 | 2 zuwa 3 |
| Tsada | matsakaiciya | mafi yawa | kaɗan | kaɗan, amma sai biyu |
| Ƙarko | mai kyau in da bulo | mai kyau in da bulo da tokari | mai kyau ƙwarai | gajere |
| Sauƙin gini | mafi sauƙi | mafi wuya | mai sauƙi | matsakaici |
| Babban haɗari | yoyo, ɓera, maƙwabci | iska, ɓarawo | zafi, matsi | mai haƙa, ɓarawo |

Wa ya dace da wanne

Mai gidan kansa a cikin gari, mai katangar bulo da ɗan fili a gefen arewa, wanda ke son ƙwai da naman gida daga kajin Hausa ko Noiler, mai jingina ne nasa, kuma in kuɗi ya gaza, ya rage kwano, kada ya rage bulo da wayar ƙasa. Wannan ne zan nuna wa mafi yawan masu farawa, har da matan aure da ke kiwo a cikin gida, saboda ana shiga a tsaye a yi shara, ana kuma jin motsin kaji daga ɗaki.

Ɗan haya, da mai tsakar gida ta siminti, da wanda gidansa ke cika da ruwa duk damina, mai ƙafafu ya fi musu, amma su rage kajin zuwa shida ko bakwai, su kuma zaɓi irin da ya saba da killacewa, kamar kajin ƙwai na gona. Shi ne kuma ya dace da wanda ke sayen kaji 'yan makonni ya yi kiwon wata biyu ko uku domin salla, da wanda ke son wurin ware sabuwar kaza ko marar lafiya na mako biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Tsayayye na mai fili ne a bayan gari ko ƙauye, wanda ke da niyyar kai kajinsa talatin ko hamsin, yana da mai kwana a wurin, kuma zai iya biyan kafinta ko da na yini ɗaya ne domin a kafa masa ginshiƙai da rufi, shi ya ƙarasa waya da ƙofa da hannunsa.

Na tafi-da-gidanka kuwa na mai lambu ne a fadama ko gonar mangwaro da gwaiba da ake ba ruwa, inda ciyawa ba ta yankewa kuma ana buƙatar takin. A cikin gida amfaninsa ɗaya ne: ƙarami, mai tsawon ƙafa 4 da waya mai ido rabin inci, domin kaza mai 'yan tsaki ta yi makonni shida na farko a ciki, a riƙa matsar da shi yana bin inuwa.